Rabin Getula

Talata, da hantsi

Allunan nan na itace na tsara maganar mamatan mutane ne kafin in sassaƙa ta a dutse. Yau ba aiki a kansu, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa nake ɓata su. Ni Yadar, mai sassaƙa duwatsun kabari a bayan kasuwar man zaitun, tsufa ya kai ni ga hira da katako.

Getula ba ta tashi ba yau ma. Likita ya zo ya danna inda yake dannawa, ya ɗago ya kalle ni, ni kuma na kalli bango. Abin da ya faɗa mini a bakin ƙofa ba zan rubuta shi ba. Da ya tafi ta kira ni.

"Mai guduma, zo nan. Daina yi mini wannan fuskar, da ma can ba kyau gare ka ba."

Na zauna a gefen gadon. Ta ce abu ɗaya take so, kuma kada in ce mata sai ta warke. "Ba na so in tafi ina baiwa. Ina so in tafi ina matarka, ta gaske."

Ni an 'yanta ni tun gashina yana baƙi. Ita kuwa har yau baiwar gidan marigayi mai gonakin zaitun na hanyar kudu ce. Shi ya yarda ta zauna a ɗakina tana zuwa musu aiki da safe, a haka muka tsufa. Duk garin nan matar Yadar ake ce mata, doka ce kawai ba ta da labari. A wurin doka baiwa ba ta aure. A harshen masu mulkinmu, matar aure coniunx ake rubuta mata, wato wadda aka ɗaura muku karkiya ɗaya kamar shanun huɗa. Mu namu sunan contubernalis, abokan bukka. Na sassaƙa duka biyun ba adadi, kuma na san wadda mutane ke sauke murya in za su faɗa mini.

Na ce mata to. Na faɗa da ƙarfi kamar wani mai iko.

Laraba, da yamma

Na je wurin maƙwabcinmu Barik, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana magatakarda a kotu. Na same shi ya miƙe kumburarriyar ƙafarsa a kan kujera yana cin busasshen ɓaure, bai ko yi mini tayi ba.

Ya ce ya tuna wasiyyar marigayin, don a gabansa aka karanta. An raba gonaki, an raba gidaje, amma Getula an bar wa 'ya'yansa maza biyu ita aequis partibus, kashi daidai, ba wanda ya fi wani ko da gashin kanta ɗaya. Ita ta shayar da su duka biyun, tsohon ya ga in ya ba ɗaya ita ɗayan ba zai yafe masa ba ko a kabari.

"To yaya ake 'yanta ta?"

"Sauƙi kamar shan ruwa. Su biyun su tsaya tare gaban alƙali, ya taɓa ta da sanda, su ce sun sake ta. Ko a kan titi ya halatta. Mataimakin gwamna ma, shi ne alƙalin, yana gari har ƙarshen wata."

"Tare?"

"Tare. Kurumcewa ka fara, Yadar, ko ƙurar dutse ce ta cika maka kunne?"

Na ji sarai. 'Ya'yan nasa, Rogatus da Silbanus, ba su ƙara shiga inuwa ɗaya ba tun abin da ya faru ranar binne ubansu. Ina wurin, na gani, kuma ba na son tuna shi. Tun daga nan Getula ke yin mako a gidan wannan, mako a gidan wancan, har ƙafafunta suka ƙi.

Alhamis, da sassafe

Ta sha kunun sha'ir kaɗan. Ta ce na cika gishiri.

Alhamis, da faɗuwar rana

Na fara da Silbanus, ƙaramin, don shi a cikin gari yake. Ban gama magana ba ya fara hawaye. Shi haka yake tun yana yaro, kuka a kusa, hankali a nesa.

"Inna? Inna tana kwance haka ba wanda ya gaya mini? Yau ma in ana so, baba Yadar, yau ɗin nan."

Na ce ranka ya daɗe, sai da yayanka. Nan take hawayen suka bushe.

"Ya zo. Ni ban hana shi ba. Ga gidana a buɗe, ya zo ya same ni mu tafi."

Na ce in shi ma ya ce ka je ka same shi fa? Ya ce ai shi aka yi wa laifi. Ya ba ni tulun zuma in kai mata, ya rako ni har titi yana ta cewa in gaya wa Inna shi ne ya aiko, in tabbatar na ce shi ne.

Asabar, da yamma

Na taka har gona wurin Rogatus. Gwiwoyina suna zagina har yanzu.

Duk sanda na ga mutumin nan sai in tsaya kallonsa, don kamarsu ɗaya da ƙanensa, hanci da goshi da yadda suke murza zobe in ransu ya ɓaci. Similis ke nan, kama. Kama kuwa ba ta taɓa haɗa kan kowa ba, na ga wannan a gidaje da yawa.

Ya bar ni a tsaye yana duba tulunan mai. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya juyo a hankali.

"Wa ya ce tana son 'yanci? Me ta rasa a hannunmu?"

"Ita ta faɗa, ranka ya daɗe."

"Shi ya aiko ka."

"Ba wanda ya aiko ni sai ita."

Ya murza zoben. Ya ce shi ta fara goyawa, tun kafin a san za a haifi wani. Ya ce in kawo ta gona, yana da likita daga birnin Kartaj, yana da ɗaki mai iska, ba irin ramin da na ajiye ta ba. Na haɗiye wannan. Na ce ta fi son ɗakinta, abin da ake roƙo ɗan tsayuwa ne kawai gaban alƙali, ba sai sun gaisa ba, ba sai sun kalli juna ba.

"Ba zan tsaya kusa da shi ba, Yadar. Ko gidan nan ke cin wuta shi ke riƙe da ruwa."

Ya sa aka ɗora mini kwandon inabi. Shi ma ya ce in gaya mata shi ne ya aiko.

Lahadi, da tsakar rana

Na yi wauta yau. Na ce tun da duka biyun suna zuwa majami'a, bari in tare su a ƙofa in durƙusa gaban jama'a, ko kunya ta yi abin da roƙo ya kasa. Ɗaya yana dama, ɗaya yana hagu. Mai wa'azi ya daɗe yana cewa a wurin Allah ba bawa ba ɗa, kowa daidai yake, su biyun suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Kafin a gama addu'ar ƙarshe Rogatus ya sulale ta ƙofar gefe. Na tsaya a babbar ƙofa kamar mabaraci har wurin ya watse.

Na gaji.

Litinin, da hantsi

Wani mai alfadarai ya zo yin dutsen abokin sana'arsa da ya faɗa kwazazzabo da kaya. Ya ce in rubuta ɗan'uwa. Na ce uwarku ɗaya? Ya ce a'a. Na ce to aboki. Ya ɓata fuska ya ce ai kullum cikin faɗa suke, mutumin maƙaryaci ne, kuma yana munshari. Na ce to socius, abokin tarayya, wanda kuka haɗa dabbobi da riba da asara. Ya ce wannan ɗin, amma ya yi masa sanyi. Na ce malam, dutse ne, da ma sanyi gare shi. Ya yi dariya, sai kuma ya juya baya ya daɗe yana gyaran takalmi.

Bayan ya tafi na zauna ina lissafa su a raina. Socius na masu haɗa hannu. Consors na 'yan'uwan da gado ɗaya ya ɗaure. Aequus na ma'aunin da bai karkata ba. Mutanen da suka kawo mana harshen nan sun tara sunayen daidaito kamar mai tara tukwane, sannan suka zauna suka tsara wa zai zauna a gaba wa zai tsaya a waje. Rogatus da Silbanus sun cika kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan. Ni da Getula da ba mu taɓa raba kwano ba, ba mu da ko ɗaya.

Ban taɓa dutsen ba tukuna.

Talata, da yamma

Na gaya mata yadda muka yi da yaran nata. Ban ɓoye komai ba sai maganar rami.

Ta ce, "Rogatus ba mugu ba ne, tsoro gare shi. Tun yana ƙarami in na ɗauki ƙanensa sai ya riƙe mini zane har ya yage. Shi kuma Silbanus, in ka ce ya miƙo maka ƙwai da gudu zai kawo."

Na ce wanne kika fi so? Ta harare ni.

"Su ma sun yi ta tambaya, ba su ji ba, sai kai mai kan guduma?"

Ta sha zumar wannan, ta tsotsi inabin wancan, daidai wa daida, wai kada wani ya ji labari. Na yi fushi na ce ko a gadon ciwo sai kin yi musu adalci? Su sun yi miki? Na yi nadamar ɗaga murya, na fita na share shagon da ba ya bukatar shara.

Laraba, da sassafe

Ba ta ci ba.

Alhamis, da hantsi

Dutse ya ƙare mini, dole in bi keken shanu zuwa mahaƙa, kwana ɗaya a can. Matar mai burodi za ta zauna da ita. Ba na son tafiyar, amma in na sake aika wani, irin ruɓaɓɓen dutsen da aka kawo mini bara za a ɗoro.

Juma'a, da faɗuwar rana

Bari in rubuta a hankali.

Tun daga bakin layi na ji hayaniya a gidana, na ce shi ke nan. Da na shiga sai na tarar da mata cike da tsakar gida, ana soya kifi, ana zuba ruwan inabi. Getula tana zaune a kujera, zaune da kanta, da hular gashi a kanta irin wadda ake sa wa wanda aka 'yanta. Ta yi mata yawa, ta sauko har gira.

Aikin Silbanus ne. Ya zo duba ta da safe, ya ga yadda ta koma, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya sa bayinsa suka ɗauke ta a kujera har titin gidan wanka, suka tare mataimakin gwamna zai shiga. Ya ce ga baiwata, na sake ta. Aka taɓa ta da sanda a kafaɗa, aka juya kujerar sau ɗaya tun da ba ta iya juyawa da ƙafarta, mutane suka yi tafi.

Ya rungume ni yana kuka. "Na 'yanta rabona, baba Yadar. Yanzu rabin Inna 'ya ce. Bari mu ga da wace fuska wancan zai riƙe sauran rabin."

Getula ta ce, "Wane rabin ne ya 'yantu, na sama ko na ƙasa? In na sama ne, mai guduma, yau za ka ji magana."

Ta ci kifi. Ta ci burodi da mai har ta nemi ƙari. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin girbin alkama. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, na yi murna har na sha fiye da ƙima. Barik ba ya nan, ya je wurin 'yarsa.

Asabar, da hantsi

Barik ya dawo. Ya ɗingiso har shagona da sandarsa, shi da ba ya zuwa wurin kowa. Ya ce in rufe ƙofa.

"Gaskiya ne abin da na ji? Shi kaɗai ya tsaya?"

Na ce shi kaɗai, rabonsa ya saki. Ya zauna a kan dutsen mai alfadarai ya dafe kai.

"Yadar, mutum ba gona ba ne da za a ce rabi an nome rabi saura. A doka ko bawa ne kai ko ɗa. In masu tarayya biyu suna da bawa, ɗaya ya saki rabonsa shi kaɗai, rabon ba ya tashi sama. Hannun abokin tarayyarsa yake faɗawa. Tun jiya Getula ta Rogatus ce, duka, daga hular har tafin ƙafa."

Na ce ƙarya ne, an taɓa ta da sanda, gari ya gani. Ya ce shi ya sa ma ba za a iya warwarewa ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini wannan ba tun farko?"

"Ka tambaye ni yadda ake yi. Ba ka tambaye ni yadda ake ɓatawa ba."

Garin neman gira an rasa ido. Da zai fita ya ce ko ba komai yanzu mutum ɗaya ya rage a roƙa, ba biyu ba. Na san lallashina yake.

Asabar, da yamma

Ta ƙi cire hular. Ban gaya mata ba.

Lahadi, da sassafe

Ban gaya mata ba. Gobe zan tafi gona.

Litinin, da faɗuwar rana

Ban kai ga tafiya ba, Rogatus ya zo da kansa. Da hantsi, da gadon ɗauka mai labule da ƙarti huɗu. Ya shigo ɗakinmu yana sunkuyar da kai saboda ƙofar, ya durƙusa a gaban gado da tufafinsa masu tsada a kan ƙasa.

"Inna, na zo in kai ki gida."

Ta dube shi, ta dubi ƙartin a ƙofa, sannan ta dube ni. Ta girma a gidan masu shari'a da gado, ba sai an yi mata bayani ba. Ta sa hannu ta cire hular a hankali ta ajiye a kan bargo.

"Ashe haka ne," ta ce.

Na durƙusa ni ma. Na ce ranka ya daɗe, yanzu ba sai ka tsaya da kowa ba, taka ce kai kaɗai. Alƙali yana gari, gidan wanka ga shi nan kusa, gadon ɗauka ga shi a ƙofa. Ka bi ta can kawai.

"In yi yau, gari ya ce Silbanus ne ya tilasta ni? Ya yi mini wasan kwaikwayo a titi ni kuma in bi bayansa ina tafi? Zan yi, Yadar, amma a lokacina. Bari ta warke tukuna."

"Ba za ta warke ba, ranka ya daɗe."

Ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma a gabanta na faɗa. Ya miƙe kamar zai mare ni. Ita ce ta riƙe masa gefen riga ta ce, "Rogatus, kul." Ya tsaya cak kamar ɗan yaye.

Suka ɗauke ta. Ba ta da nauyi, mutum ɗaya ma ya isa. A ƙofa ta ɗaga labulen ta ce mini, "Akwai wake a jiƙe a bayan randa, ka dafa shi yau kada ya yi tsami." Na bi su har ƙofar gari, daga nan ƙafata ta kasa bin tasu.

Talata, da yamma

Na je gona. An sa sabon mai gadi, wani dogo da ban sani ba. Ashe Silbanus ya riga ni zuwa, ya yi ta ihu a ƙofa yana jifa da duwatsu, don haka maigida ya ce kada a bar kowa daga gari ya shiga sai dangi.

"Kai wane ne nata?"

"Mijinta."

"Baba, baiwa ce fa. Baiwa ba ta da miji."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, gyara mini yake. Na ce to abokin bukkarta. Ya ce wannan ba ya cikin waɗanda aka lissafa masa. Na tsaya ina laluben wata kalma, ni da na ci abinci da kalmomin nan duk rayuwata, na rasa wadda za ta buɗe ƙofar. Na ce a kira maigida. Aka ce yana wurin matsar mai, ba ya son a dame shi.

Na zauna a gindin katanga har inuwa ta juya.

Laraba, da yamma

Na je. Ba a buɗe ba.

Alhamis, da yamma

Na je. Tsohuwar mai dafa musu abinci, wadda suka yi ƙuruciya da Getula, ta leƙo ta ƙaramar ƙofa. Ta ce an kwantar da ita a ɗakin marigayiya uwar gida, kan katifar gashin tsuntsu, maigida da kansa yake ba ta ruwa a cokali, ba ya barin kowa ya taɓa ta. Ta ce tana tambaya ko ina cin abinci. Na ce a gaya mata ina ci. Na ce a gaya wa maigida alƙali zai bar gari jibi. Ta ce za ta gwada, amma in aka ambaci alƙali fita yake daga ɗakin.

Na tsani mutumin nan. Kuma na san yana son ta, wannan ya fi ci mini rai.

Asabar, da tsakar rana

Mataimakin gwamna ya tafi da safe. Na ga ƙurar dawakinsa daga shago.

Lahadi, da yamma

Na je. Na gaji.

Talata, da hantsi

An aiko. Ta rasu.

Alhamis, da yamma

A gona aka binne ta, a gefen kaburburan gidan. An bar ni na shiga wannan karon. Ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne.

Asabar, da hantsi

Rogatus ya zo shago shi kaɗai, a ƙafa. Ya tsufa a mako ɗaya. Ya ce dutse yake so, mafi kyau, kuma ba ya son hannun kowa a kai sai nawa. Ya faɗi abin da za a rubuta: Ga Getula, wadda ta shayar da shi, Rogatus ya kafa wannan.

Na rubuta a allo. Ya tsaya yana murza zobe.

"Na yi niyya, Yadar. Na ce in ta ɗan samu ƙarfi zan kai ta har Kartaj a yi a gaban gwamna da kansa."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Sannan na tambaye shi ko akwai wurin sunana a dutsen. Ya yi tunani da gaske, ba zan yi masa ƙarya ba.

"A matsayin me? In kana so a sa contubernalis, ban hana ba."

Na ce a bar shi. Wannan sunan ne ta roƙa kada ta tafi da shi, ba zan ɗora mata shi da hannuna ba.

Laraba, da faɗuwar rana

Na gama fuskar dutsen. Ban taɓa yin baƙaƙe masu kyau haka ba, na cika su da jan launi har sau biyu. Ba don shi na yi ba.

Kowane dutsen kabari yana da gindi, wajen kamu biyu da ba a gogewa, wanda ake turbuɗewa a ƙasa don ya tsaya. Ba mai biya ya duba wurin. Na kwantar da dutsen, na goge tafin hannu ɗaya a gindin, na sassaƙa sunana, a ƙarƙashinsa na sa compar. Manoma ke faɗinta ga san huɗa da ɗan'uwan tafiyarsa, waɗanda tsawonsu ɗaya, takunsu ɗaya, in ɗaya ya faɗi ɗayan ba ya ƙara yin kunya madaidaiciya a gona. Ba alƙali ke ba da ita ba, ba a taɓa kowa da sanda a kanta. Ban sa mata launi ba.

Juma'a, da yamma

An kafa dutsen yau. Silbanus ya zo, ba wanda ya hana shi. Da aka fara addu'a ya matso, Rogatus bai matsa ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin kabarin suna kuka iri ɗaya, har ƙaramin ya dafa babban. Mutane suna ta raɗa wai Inna ta haɗa 'ya'yanta, abin gwanin daɗi. Tsayuwar nan ce fa na yi ta roƙo. Ba ta fi ta shan kofin ruwa ba.

Ban bar ƙartin su saka dutsen ba, na ce aikina ne. Na juya gindin ya fuskanci inda kanta yake, na sauke shi a ramin, na tura ƙasa da hannuna na danna har rubutun ya ɓace. A sama sunan Rogatus yana ta ƙyalli, kowa yana yaba aikin.

Ba ta taɓa koyon karatu ba. Amma ta san saran hannuna.